TSUFA BA CIWO BA NE

Wannan jawabi ne da wani jami'in kiwon lafiya ya gabatar wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a garin Ƙanƙara. An buga shi a nan domin waɗanda suka iya karatu su karanta wa iyayensu da kakanninsu a gida.

 

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Babban Asibitin Ƙanƙara, ko na Funtuwa, ko na Malumfashi, ya san irin wannan abu. Babur zai tsaya a bakin ƙofa da mutum uku a kansa. Na gaba yana tuƙi, na baya yana riƙe da na tsakiya. Na tsakiyan dattijo ne. Bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya yana reto, ƙafarsa ɗaya tana jan ƙasa. In aka tambayi 'ya'yansa me ya faru, sai su ce, "Wallahi jiya lafiya lau Baba ya yi sallar isha'i. Da asuba ne ya kasa tashi." Wani ya ce iska ce ta buge shi. Wani ya ce jifa ne. Yawanci kuwa sai su ce tsufa ne, a yi haƙuri.

In aka sa masa abin awo a hannu, sau da yawa sai a ga jininsa ya hau ƙwarai. Kuma ba jiya ya hau ba. Ya yi shekaru yana hawa, ba wanda ya sani, har shi kansa mai jinin. Ranar da jijiyar jini ta fashe ko ta toshe a cikin ƙwaƙwalwa, ran nan ne ɓarin jiki ke shanyewa.

Daga nan wahala ta shiga gidan. Mutumin da ke noma buhunan masara ya koma kwance kan tabarma. Sai an ɗaga shi, sai an kwantar da shi. A sayar da akuya, a sayar da hatsin da aka ajiye don damina, wani gidan har gona sai an jinginar. Matarsa, wadda ita ma ƙarfinta ya ƙare, ita ce da wanki da ba shi abinci a baki.

Rai da ajali na Allah ne. Ba mai ja da wannan. Amma Allah da ya yi cuta ya yi dalilinta, ya kuma ba mutum hankalin kauce mata. Kashi mai yawa na irin wannan kwanciya ana iya kauce mata, ko a jinkirta ta shekaru, da abubuwan da ba su fi ƙarfin talaka ba.

ABIN DA YA SAUYA

Dattawan da ke nan za su tuna. A da, mutumin Ƙetare ko 'Yargoje in zai ci kasuwa, da ƙafa yake zuwa, ko ya koro jakinsa. Mutumin Daudawa ko Mairuwa haka, mutumin Damari ko Macika haka. Mace ta tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja guga. Ba wanda ya kira wannan motsa jiki. Aiki ne kawai. Amma shi ne ya riƙe jikinsu.

Yau acaɓa ta zo, injin niƙa ya zo. Alheri ne, ba a ce a koma wahalar da ba. Sai dai jiki bai san da wannan sauyi ba. Har yanzu yana bukatar a motsa shi.

Ga kuma matsalar tsaro. Kowa ya tuna watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta nan Ƙanƙara. Kafin wannan da bayansa, mutane da yawa sun bar ƙauyukansu a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sun dawo cikin gari. Saurayi yakan sami abin yi, ko dako ko acaɓa. Tsoho fa? Wanda ya shekara 50 yana sammako gona, sai ga shi a zauren wani, daga tabarma sai masallaci. Ga tunani, ga rashin barci. Irin wannan dattijo cikin shekara ɗaya ko biyu sai a ga ya rame, ƙafafunsa sun saki. Jama'a su ce baƙin ciki ne. Akwai baƙin cikin, akwai kuma zaman.

Abinci ma ya sauya. Taliya da farar shinkafa da burodi sun shigo. Shayi mai sukari cokali huɗu ya zama karin kumallo. Lemon kwalba ya zama abin karrama baƙo. Daddawa ta ja baya, dunƙulen ɗanɗano, wanda kowa ke kira magi, ya hau gaba.

HAWAN JINI DA GISHIRI

Hawan jini ba ya sallama. Wasu suna jin ciwon kai ko jiri, amma mafi yawa ba sa jin komai. Hanya ɗaya ce ta sani, ita ce awo. Ana yin sa a asibiti da ɗakin shan magani, ba allura, ba zafi, ba ya kai minti biyar. Za a ba mutum lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to mutum yana da hawan jini. Duk wanda ya wuce shekara 40 ya kamata a auna shi ko da sau ɗaya a shekara. Wanda ya kai 60 ya fi kowa bukata.

Wanda aka ɗora wa magani, kullum zai sha. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Dattijo ya sha kwana 14, ya ji garau, ya ce ya warke. Maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne. Kamar murfin tukunya yake, ranar da aka ɗauke shi tafasa ta dawo.

Babban abokin hawan jini shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini. Wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Wannan lissafi ya haɗa da na miya, da na ƙosai, da na yaji, da na ƙuli-ƙuli, da wanda ke cikin burodi. Shi kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida ta jefa dunƙule biyar a tukunya, ta ƙara gishiri da hannu, sa'an nan maigida ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Gishiri uku ke nan a kwano ɗaya.

Sai kanwa. Ita ma 'yar'uwar gishiri ce, abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri yana cikinta da yawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego. Da suka bincika, sai suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. In kanwa ta iya wahalar da zuciyar yarinya mai shekara 20, ina ga ta kakarta? Tsohuwar da ke taya jikarta shan kunun kanwa kwana 40 ta yi hattara. Haka masu jiƙa kanwa su sha wai don ciwon ciki.

Ba a ce a ci lami ba. A rage ne a hankali. Wannan mako a cire dunƙule ɗaya, mako mai zuwa a rage gishirin hannu. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har in mutum ya ci miyar wani gida ya ji gishiri ya yi masa yawa. Ɗan gishirin da za a sa kuwa ya zama na leda mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo.

KWANON TSOHO

A duba kwanon da ake kai wa Baba da dare. Tuwo malmala uku, miya 'yar kaɗan a gefe. Ya kamata a juya abin. Tuwo ya ragu, miya ta ƙaru, miyar kuma ta yi kauri da ganye da wake.

Tuwon dawa da na gero da na masara ba su da laifi. Abincin ƙasar nan ne. Amma in an surfe hatsi har ya yi fari fat, an ba awaki mafi amfaninsa. Dusar nan ita ce ke hana cushewar ciki, ita ce ke sa sukari ya shiga jini a hankali. A riƙa yin surfe sama-sama, wani lokaci ma a niƙa dawa ko gero haka nan bayan an wanke.

Jikin tsoho yana zubar da tsoka kowace shekara. Shi ya sa hannu ke sirancewa, tashi daga zaune ya zama aiki. Abin da ke rage wannan zuba shi ne motsi da kuma abinci mai gina jiki. Ba sai nama ba. Wake yana yi. Waken suya yana yi, ko awara, ko a zuba garinsa a kunu. Gyaɗa tana yi. Nono da kindirmo suna yi, suna kuma ƙarfafa ƙashi. Ƙwai yana yi, ga shi da taushi ga wanda haƙoransa suka zube. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu suna yi.

Abin takaici, duk waɗannan ana samun su a ƙasar nan, amma kasuwa suke tafiya. Manomi ya noma waken suya buhu biyar, ya sayar da biyar. Kaza ta yi ƙwai, a kai wa mai shayi. A ɗauki kuɗin a sayo taliya da lemon kwalba. Wannan ciniki faɗuwa ce. In an kawo amfanin gona gida, a ware tiya kaɗan na wake da waken suya a ce wannan na tsofaffi ne da yara.

Akwai wata al'ada ta iyaye mata. Ana miƙa wa Inna kwano, sai ta kira jikoki. Ɗan naman da aka sa mata, ta tura wa auta a baki. A ce, "Inna, ke fa?" Ta ce, "Ni na ci zamanina." Tausayi ne, Allah ya saka. Amma tsohuwar da ta kwanta ciwo ba ta goyon jika. Matan gida su lura. A ba yara nasu tukuna, sa'an nan a kai wa Inna nata, a zauna kusa da ita har ta ci.

Ganye kuwa Allah ya hore. Ga zogale, ga rama, ga yakuwa, ga alayyahu, ga tafasa, ga kuka, ga kuɓewa, ga kabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 a yini, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko faten wake da alayyahu, ko dambu mai ganye, sun fi farantin farar shinkafa da mai amfani nesa ba kusa ba. Wasu suna ganin kwaɗo abincin mata ne ko na marasa hali. A manyan birane masu kuɗi suna sayen garin zogale a kwalba da tsada.

In za a shanya ganye don rani, a shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta. Rana tana cinye wani sashe na amfaninsa. Kowane gida ya kamata a ce akwai zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke bi.

'Ya'yan itace kowanne da lokacinsa: mangwaro, gwaba, gwanda, lemo, kankana, kanya, ɗinya, magarya, goruba. A ci wanda ya samu. Mai ciwon suga ya ci kaɗan-kaɗan, kada ya zauna ya tashi da kwanon mangwaro.

Wani gargaɗi a kan gyaɗa da masara. Wadda ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a zubar. Tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Tsofaffi mata su ne masu tsince ɓarzajjen gyaɗa su ce kada a yi asara. Wannan asarar gara a yi ta.

SUKARI DA RUWA

Alamun ciwon suga su ne yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwa, da rama ba dalili, da gyambon da ya ƙi warkewa. Wani sai ya ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Wanda ya ga haka ya je a gwada jininsa. Ɗigo ɗaya ake ɗauka a yatsa.

A Amurka an yi wani bincike da aka bayyana a 2002. An tara mutum sama da 3,000 waɗanda ciwon suga ke dab da kamawa. Wasu aka sa su gyara abinci, su rage ƙiba, su riƙa tafiya minti 150 a mako. A cikinsu kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga waɗanda suka kai shekara 60 kuwa ragin ya ma fi haka. Wato tsofaffi ne suka fi cin riba.

Saboda haka shayi cokali ɗaya ya isa. Fura da koko da kunu a sha su da ɗan sukari kaɗan, ko ba sukari. Zuma da rake da mazarƙwaila su ma zaƙi ne, mai ciwon suga kada ya ce ai na gargajiya ne.

Ruwa fa? Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ko da jikinsa ya bushe. Wasu dattawa kuma da gangan suke ƙin sha, don gudun yawan fita fitsari ko karyewar alwala. A zafin Maris da Afrilu wannan yana kawo jiri da faɗuwa da ruɗewa. A ajiye masa ruwa mai tsabta kusa da shi. Ya duba fitsarinsa. In ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. Dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita ya je asibiti, rage ruwa ba zai gyara ba. Wanda kuma likita ya ce yana da ciwon ƙoda ko na zuciya, shi abin da likita ya ƙayyade masa na ruwa da abinci zai bi.

TAFIYAR ƘAFA

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai manyan motocin haya masu hawa biyu. Wani likita mai suna Jerry Morris ya duba lafiyar ma'aikatansu, ya bayyana abin da ya gano a 1953. Direba yana zaune yini guda. Kwandasta yana hawa sama yana saukowa yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, gari ɗaya. Amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su. Tun daga nan likitoci suka fara gane cewa yawan zama cuta ne.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa babba, har da wanda ya wuce shekara 65, ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. In aka raba, minti 30 ke nan a kwana biyar. Tafiyar kamar kilomita 2 ce. Ba dole a yi ta a tashi ɗaya ba. Minti 10 bayan asuba, 10 bayan la'asar, 10 bayan abincin dare, lissafi ya cika.

Wace irin tafiya? Ba ta rangwaɗa ba, ba kuma gudu ba. Irin ta wanda ya ji an ta da iƙama yana son ya sami raka'ar farko. Numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, amma in an gaishe shi zai iya amsawa. In ya kasa magana, ya yi sauri da yawa.

Wanda ya daɗe a zaune kada ya fara da minti 30. Ya fara da biyar, ya ƙara kaɗan kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ya sa takalmin da ya kama ƙafa, ba silifa mai santsi ba. Mai ciwon suga kada ya taka ƙasa ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowane dare, don ƙaya tana iya shiga bai ji ba. Wanda ke bukatar sanda ya riƙe sandarsa, ba abin kunya ba ne. Da zafi a fita da sassafe ko da yamma. Da hunturu a bari rana ta ɗan fito, a rufe ƙirji da hanci.

Ba a ce kowa ya kama hanyar daji shi kaɗai ba. A yi tafiyar cikin gari, inda jama'a suke. Dattawa uku ko huɗu na majalisa ɗaya su haɗu su zaga unguwa, hirar da za a yi a kan benci a yi ta a tafe. A je masallacin da ya ɗan fi nisa. A je gaida mara lafiya da ƙafa. A raka jika makarantar allo.

Samari kuma su ji. Da yaro ya ga mahaifinsa ya ɗauki hanya sai ya ce, "Baba, tsaya in kai ka a mashin." Ladabi ne. Amma in wurin ba nisa, ladabin da ya fi shi ne ya ajiye mashin ɗin ya raka shi a ƙasa. Haka surukar da ke ƙwace tsintsiya daga hannun uwar mijinta. Aiki mai nauyi a karɓa mata. Shara da tsintar wake da ba kaji hatsi da zuwa barka ko suna a bar mata abinta. Tsohuwar da ba ta fita, ta zaga tsakar gida sau goma da safe, sau goma da yamma.

Mai niyyar aikin Hajji ya tuna cewa tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kamar kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Ba a filin jirgi ake shirya ƙafa ba.

In ana cikin tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, a tsaya nan take, a nemi asibiti.

MIƘA DA NUMFASHI

Mutanen Indiya, waɗanda aka fi sani a nan ta finafinansu, suna da wani tsohon salon motsa jiki da suke kira yoga. Ya bazu a duniya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni tun daga 2015. Asalinsa yana haɗe da addinin mutanen can. Wannan ɓangare ba ruwan mutumin Ƙanƙara da shi. Abin da likitoci suka ɗauka a ciki uku ne: miƙa gaɓoɓi a hankali, koyon tsayuwa ba tangaɗi, da jan numfashi a natse. Waɗannan ba na wata ƙabila ba ne, kowa yana iya yi a ɗakinsa.

Dalilin kula da su shi ne faɗuwa. Tsohuwa ta zame a makewayi, ƙashin ƙugu ya karye. Da yawa daga wannan kwanciya ba sa sake tashi. Ga abin da za a yi, kwana uku a mako ko fiye.

A zauna a kan benci ko kifaffen turmi. A miƙe tsaye, a koma a zauna a hankali, sau 10. Da farko a dafa gwiwa, in ƙarfi ya zo a bar dafawa. Wannan shi ne mafi amfani duka, don shi ke riƙe cinya.

A dafa bango, a ɗaga ƙafa ɗaya, a ƙirga zuwa 10, a sauya. Sa'an nan a ɗaga diddige a tsaya kan yatsu, a sauko, sau 10.

A ɗaga hannu biyu sama kamar mai ciro kaya daga rumbu, a sauke. A juya wuya dama da hagu a hankali. Inda aka ji zafi mai suka a tsaya, ba a yi wa gaɓa dole.

Kafin barci a zauna, a ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, a sake shi a hankali, sau 10. Yana kwantar da bugun zuciya, yana taimakon mai yawan tunani.

Sallah ibada ce, ba don motsa jiki ake yin ta ba. Amma kowa ya san raka'a 17 na farilla suna da ruku'u 17 da sujada 34. Ba abin da ke ɓata wa dattijo rai kamar ranar da ya fara sallah a zaune. Wanda ya kula da cinyarsa da gwiwarsa yakan jinkirta wannan rana.

A gyara gida kuma. A zuba yashi ko tsakuwa inda makewayi ke santsi. A kafa sanda ko igiya a bango inda tsoho zai kama in zai tashi. A ajiye masa tocila kusa da shimfiɗa. In ya farka, ya ɗan zauna tukuna kafin ya miƙe.

MAGANIN CIWON JIKI

Ciwon gwiwa da na baya su ne ke kai tsofaffi wurin masu tallar magani a kasuwa. A ƙulla musu ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya, ba suna. Su sha su ji daɗi, gobe su koma. Da yawan irin waɗannan ƙwayoyi, in aka daɗe ana sha, suna ƙwaƙule ciki har ya yi jini, suna lalata ƙoda, suna ɗaga jini. Wasu suna kumbura fuska, mutum ya ɗauka ƙiba ce ta lafiya. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta ya daina sha, ya tafi asibiti ran nan. Gwiwa mai ciwo ma motsi a hankali take so, zama yana ƙara sandarar da ita.

Taba kowace iri, ta hayaƙi da ta hanci da ta baki, babu alheri a cikinta. Goro kuma a rage, musamman da yamma, don yana hana barci.

Game da azumi, mai ciwon suga ko hawan jini ya ga likita tun cikin Sha'aban, a gyara masa lokutan shan magani. Ya kuma tambayi malamai, domin shari'a ta yi sauƙi ga tsohon da ba ya iyawa da mara lafiya.

IN ABIN YA FARU

Alamun shanyewar ɓarin jiki uku ne. Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki. Magana ta sarƙe. In an ga ko da ɗaya, a nemi mota nan da nan, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, don maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin zai iya faɗawa huhu. Kada a tsaya tsaga ko ƙaho. A kwantar da shi ta gefe. Addu'a a yi ta a hanya.

Ɗaliban wannan aji kuwa suna da abin da iyayensu ba su samu ba, sun iya rubuta lamba. Kowa ya sayi ƙaramin littafi ya rubuta sunan tsohon gidansu a bango. Duk ranar da aka auna shi, a rubuta kwanan wata, da lambar sama, da lambar ƙasa. A kwafe sunan maganinsa daga jikin kwali harafi-harafi, da yawan da yake sha, da ranar da zai ƙare. In za a je asibiti a tafi da littafin. Malamin asibiti yana buɗewa zai ga inda aka fito.